Kasuwar da Ba Ta Watsewa

A gidan kawuna, a Dakoro, ba a ƙidayar kuɗi bayan sallar lisha. Ko da tsakar dare fatake suka sauka, sai dai a kawo masu ruwa da fura, a shimfiɗa masu tabarmi a zaure, a tura jakar kuɗinsu ƙarƙashin gadon ƙarfe a ja ƙyaure. Lissafi sai gari ya waye. Ina yaro na ɗauka tsoron ɓarayi ne, ko wani camfi irin na mutanen da, kamar hana shara da dare. Sai da furfura ta fito mini, na shekara da shekaru ina haɗiyar ƙwayar hawan jini, sannan na gane barcinsa tsohon yake gadi.

Kawu dillalin bisashe ne, kuma maigidan baƙi. Wanda bai san Dakoro ba zai ce wace fargaba ke cikin tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye a karɓi la'ada. To, garin a kan gaɓa yake zaune. Kudu da shi, wajen Kornaka, gonakin hatsi ne da wake. Arewa, in ka ƙetare kwarin Tarka ka nufi Bermo da Gadabeji, ƙasar makiyaya ce, wadda tun 1961 doka ta keɓe wa kiwo. Daga can Fulani da Buzaye ke koro shanu da tumaki da raƙuma, masu sayensu kuwa galibi Nijeriya suke nufa da su, ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya. Mai saniya sefa yake so, mai saye naira ya ɗauko. Saboda haka dillalin Dakoro, ya so ko ya ƙi, ɗan canji ne, kuma kuɗin bajimi guda a wurinmu a kan abu uku ya rataya: ciyawar daji, da ƙofar iyaka, da yadda jikar sefa ta kwana a naira. Ko ɗaya cikin ukun ba ya hannunsa.

Akwai kuma 'yan baranda, waɗanda ba su da garke ba su da turke. Da hantsi ɗan baranda zai sayi rago a wannan kusurwa ta kara, sau da yawa bai ba da ko dala ba, sai alkawarin kafin magariba. Ya ja shi zuwa waccan kusurwar ya jira wanda zai ɗora masa jika ɗaya ko biyu. In la'asar ta yi sanyi ragon yana hannunsa, to ka dubi fuskarsa. Shekaru bayan haka, da na ga masu hada-hadar hannun jari na Landan da Niyok a talabijin, sun dafe kai suna kallon allo, ban ga baƙuwar fuska ba. Na san ta tun ina riƙe wa Kawu igiya.

Sai dai tamu kasuwar tana watsewa. Mako-mako take ci. In rana ta faɗi, ƙura ta lafa, kowa ya ja abin da ya rage masa, shi ke nan sai wani makon. Ko masu bin kasuwannin ƙauye, yau Sakabal gobe wani gari, darensu nasu ne. Farashin canji a bakin direbobin kamyo yake isowa daga Maraɗi, su ma 'yan canjin Maraɗi kunnensu na wajen na Wapa a Kano, kuma kafin a zuba wa hanyarmu kwalta labari kan kwana a tafe. Wanda ya faɗi ranar kasuwa yana da kwana shida da babu abin da zai iya yi a kan faɗuwar tasa. Zai je gona, zai je suna, zai zauna majalisa a yi ta yi masa ba'a har shi ma ya dara. Fargaba tana da ranarta, kamar yadda wanki ke da tasa.

Ina da shekara goma sha biyu na ga an gwada dokar Kawu. A ƙarshen Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba a kai tsofaffin banki, ta kuma rufe iyakokinta ruf don kada nairar da ke waje ta komo gida. Mu ne wajen. A akwatin Kawu akwai nairar cinikin bajimai, rabi tasa, rabi ta wani Bororo da ya bar masa amana ya koma daji, a kan in ya dawo ya tarar an canja masa. Da la'asar labarin ya iso. Na ga ya kashe rediyo, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya yi magariba, ya yi lisha, aka kawo tuwo ya ci, ko da yake bai kai rabin abin da ya saba ba. Akwatin kuwa bai ko dube shi ba, kuma fitilarsa ba ta sake kamawa ba har asuba.

Da safe ya aike ni na kira limamin unguwa da dillalai biyu abokansa. A gabansu ya zazzage akwatin a kan buzu, ya ƙidaya, ya kasa biyu, ya ce, "Wannan tawa ce, ta mutu. Wannan ta Bafillace ce, ita ma ta mutu, amma a wuyana take. Ku shaida." Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Wasu a garin sun bi daji da dare da kuɗinsu a cikin sirdin raƙumi. Akwai waɗanda suka dace, akwai waɗanda suka komo hannu rabbana. Shi bai je ba. Daga baya na ce masa, "Kawu, mi ya sa kuka kira mutane? Da kun yi shiru wa zai sani?" Ya ce, "Yaro, asara in ka rufe ta a ɗaki, haihuwa take yi."

Damanar shekarar ba ta yi ba. Yunwar da ta biyo baya har yau tsofaffinmu El-Buhari suke ce mata. Shanu suka zama abin tausayi, ana sallama su a kuɗin 'yan tiyoyin hatsi, iyaka kuwa ba a buɗe ta ba sai 1986. A cikin wannan hali Kawu ya biya Bororon nan, kaɗan-kaɗan, kasuwa bayan kasuwa, har ya gama. Na tuna maganar haihuwar asara a 1995, da na ji a rediyo wani saurayi Bature, Nick Leeson, ya karya bankin Barings na Ingila daga ofishinsa na Singafo. Asara ya yi ya ɓoye ta a wani asusun sirri, ya ci gaba da zuba kuɗi don ya mayar kafin a gani, har ta kai fam miliyan 827. Bankin da ya haura shekara 200 a tsaye ya ruguje. Da na ba Kawu labarin bai yi mamaki ba, sai ya tambaya ko yaron ba shi da maigida.

Tun daga 1984 naira ba ta ƙara kwana biyu a ɗakinsa ba. Ranar da ta shigo, ranar ko washegari take komawa sefa, ko da canjin bai yi masa daɗi ba. Dukiyarsa kuma ba wuri guda take ba. Wani abu na ƙafa huɗu a hannun Fulani, wani na rumbu, sai kuɗin juyawa, kuma duk yadda ciniki ya yi kyau ba a taɓa rumbu a ƙara wa jari. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne, in ya yi babbar faɗuwa, kasuwa mai zuwa zai je kara aljihu fayau, ya gaisa da mutane, ya taya wani ciniki, ya komo. In babbar riba ya ci, haka ma. Ya kan ce mai zafin faɗuwa da mai zafin riba duk bugaggu ne, kuma ba a ba bugagge igiya.

Kada in yi wa zamanin ado da abin da ba shi da shi. Akwai dillalin da ya sulale da dare ya bar iyali da bashi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Akwai wani da na taso na tarar yana yawo cikin kara yana taya shanun da babu su, yana cewa albarka shi kaɗai, yara na binsa. Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce iskoki. Waɗanda suka san shi da can sun ce garke guda ya saya bashi a shekarar fari. Sau da yawa kuma kwallaye da tasoshin matan gida ne ke fita ta ƙofar baya su biya kuskuren maigida, ba a kuwa sa sunansu cikin labarin jarumtarsa. Mu maza ba mu cika son a tuna mana wannan ba.

An daɗe da rasuwar Kawu na ci karo da wani bincike da ya sa na ji kamar muryarsa. A 2008 wani mai suna John Coates, wanda shi kansa ya yi hada-hadar kuɗi a Amurka kafin ya koma jami'ar Kambirij, ya wallafa abin da ya samu bayan ya auna yawun 'yan kasuwar kuɗi 17 a Landan tsawon kwana 8 na aiki. Sinadarin fargaba da ke cikin jini, wanda likitoci ke kira kotisol, bai bi yawan asarar da mutum ya yi ba. Yana hawa ne in kasuwa ta rikice, ba a san inda ta dosa ba. Wato rashin sani ya fi faɗuwa cin jiki. Ya kuma yi kashedin cewa riba a jere na iya tunzura jini har mutum ya daina ganin rami. Kawu bai san sunan sinadari ba, amma da ya ƙidaya matacciyar nairarsa a gaban shaidu, abin da ya yi ke nan: ya fid da kansa daga zullumi ya shiga sani. Wanda ya san nawa ya faɗi yana iya cin tuwo.

Ni kuwa na ji duk wannan da kunnena, ban ɗauka ba.

Na shiga kasuwa da ƙafar dama, abin da ya cuce ni ke nan. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi; faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Ga ma'aikaci mai albashi da mai sayen magani bala'i ne. Ga mai kai dabba kudu kuwa ƙofa ce ta buɗe, don bisashenmu sun yi araha a idon mai naira. Ina da shekara ashirin da biyu, duk abin da na taɓa sai ya yi riba. Ruwa ne ya ɗauke ni, na ɗauka iyo na iya. Daga bisashe na ƙara da hatsi, in saya da kaka in sayar da bazara, shekara goma sha ɗaya ban san ɗacin faɗuwa ba.

Sai 2005. Fara ta yi ɓarna a damanar 2004, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Da bazara na sayar da abin da na tara, na ci riba mai kyau, wadda da na tsaya a kanta da yau ba ni da labari. Amma buhu ya ci gaba da hawa, har ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, ni kuwa kullum ina lissafin abin da na rasa da na yi saurin sallamawa. Ribar da ban ci ba ta fi wadda na ci yi mini ciwo. Ana tsakiyar damana na koma na sake saye, a saman farashi, da jarina, da hatsin rumbuna da na mayar kuɗi, da adashen uwargidana, da bashin wani Alhaji na Maraɗi. A lokacin nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun buɗe wurin kula da yara masu tamowa a cikin Dakoro, mata na kwararowa daga ƙauyuka da 'ya'ya a goye kamar tsinke. Ta gabansu nake wucewa zuwa sitona, ina addu'ar hatsi ya ƙara tashi. Na rubuta wannan ne don in na tsallake shi sauran labarin ya zama ƙarya.

Damana ta yi kyau. Aka fara rabon cimaka kyauta, sabon hatsi ya leƙo, farashi ya juyo ƙasa. Da ya sauka da jika uku na ce gobe zai koma. Da ya sauka da goma na ce ai yanzu sayarwa hauka ce. Ban gaya wa kowa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu magana, na kuwa riƙe karin maganar nan kamar laya. Wata uku ina kwana da fitila da littafin lissafi, ina tara lambobin da na tara jiya ko za su ba da wata amsa. Shayi mai kauri sau uku, goro ba adadi. Yaro ya yi dariya a tsakar gida in daka masa tsawa. Ƙeyata ta riƙa sara kamar ana buga mata taɓarya, har ranar da jiri ya kwashe ni a bakin sito, aka kai ni likita aka ɗaura mini abin awo a dantse, ma'aikacin ya dube ni ya sake aunawa.

Uwargida ce ta fasa ƙwan. Da muka komo gida ta ce, "Malam, tun yaushe ake ƙidayar kuɗi da dare a gidan nan?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari na je wurin Kawu, lokacin idonsa ya tafi, yana zaune a kan buzun nan dai. Na fara kewaye-kewaye, ina kawo fara, ina kawo gwamnati, ina kawo masu agaji. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Nawa?" Na faɗa. Wallahi da lambar ta fita daga bakina sai na ji ta ragu. A cikina ba ta da iyaka, a waje kuwa kuɗi ne da mutum zai iya biya a shekara huɗu. Ya ce in sayar a kasuwa mai zuwa ko nawa aka taya, in je Maraɗi da ƙafata kafin Alhajin ya aiko. A shekara huɗun na biya. Hawan jinin ne dai bai karɓi biya ba.

A shekarun nan ne salula ta shigo, kuma ba zan zage ta ba. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa inda waya ta isa tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Mun gani da idonmu. Bafillace yana bakin rijiya zai kira ɗan'uwansa ya ji yadda shanu suka kwana kafin ya koro nasa, dillali ba ya iya rufe masa ido kamar da. Kuɗi ma sun daina tafiya a ɗaure a ƙugu. Ka zuba a Nita ko Al Izza, mai shi ya karɓa a wani gari kafin ka gama shan shayi. 'Yan fashi sun yi asarar abokan ciniki da yawa.

Amma tun da waya ta shiga aljihu kasuwa ba ta sake watsewa ba. Farashin Dawanau yana iso ka kana alwala. Kana cikin jana'iza a turo maka cewa naira ta zube. Kwana shidan nan na dole, da mutum ke hucewa a cikinsu ko bai so ba, sun tafi, kuma ba wanda ya yi masu zaman makoki don ba mu san suna yi mana aiki ba. Girgizar kuma ta ƙaru. Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 ta buɗe. A ƙarshen 2022 aka sake sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffinmu suka ce ga 1984 ta dawo. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, jikar sefa ta wuce naira 2,000. Mai naira ya zo kara ya taya, mai saniya ya ji kamar zagi. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar, takunkumi ya biyo baya, iyaka ta sake rufuwa wata da watanni. A 2025 kuma, ana gab da Layya, hukumominmu suka hana fitar da dabbobi waje, wanda ya turke raguna don kasuwar kudu ya tsaya yana kallon su suna cin dusa. Kowane ɗaya cikin waɗannan a waya ya fara iso mu, galibi da dare, haɗe da jita-jita goma da ba a iya rabewa da gaskiya sai da safe.

Yanzu ga ɗan ƙanena. Ya gama jami'a a Maraɗi, aiki bai samu ba, ya komo gida da waya mai faɗin tafin hannu. Shi ma ɗan baranda ne, sai dai ragonsa zinariya ce da dalar Amurka da kuɗin intanet, kuma bai taɓa shafa bayan ko ɗaya ba. Ya nuna mini allon, jan layi da kore suna hawa suna sauka. Ya ce da jika 50 dillalinsa na ba shi damar juya abin da ya ninka ta sau ɗari, suna ce masa lebarej. Na ce a garinmu sunansa bashi, kuma na san ɗanɗanonsa. Kasuwar tasa in Tokiyo ta buɗe ƙarfe ɗaya na dare ne a nan. Kafin ta rufe Landan ta karɓa, Landan ta miƙa wa Niyok. Ta kuɗin intanet kuwa ba ta san Asabar ba, ba ta san Sallah ba. Dillalin nasa bai san fuskarsa ba, ba zai zo sunan ɗansa ba, kuma ranar da jarin ya ƙare na'ura ce za ta rufe cinikin ba tare da ta ce sannu ba. Malamai suna ta muhawara a kan halascin abin, batun ruwa da batun canjin da ba hannu da hannu ba. Wannan na bar masu, su suka san fagensu. Ni idon yaron nake kallo, wanda ya yi ja ya faɗa, da hannunsa da ke kai wa aljihu kamar mai sosa ƙaiƙayi.

Na gaya masa cewa hukumar da ke sa ido kan kasuwar kuɗi a Faransa ta bi asusun dubban masu irin wannan ciniki tsawon shekara huɗu, ta bayyana a 2014 cewa kusan tara cikin goma asara suka yi. Ya ce, "Baba, ai shi ya sa nake karatun abin, don in zama na goman." Ban yi dariya ba. A 1994 ni ma na goman ne.

Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya daga baya, shi ne da ya karanto mini ƙa'idojin da malamansu na intanet ke sayar masu da tsada. Kada ka sa fiye da ɗan kaɗan na jarinka a ciniki guda. Ka yanke inda za ka tsaya tun kafin ka shiga, su ce sitof-los. In ka faɗi, ka tashi daga gaban allo, kada ka koma ramuwa. Ka rubuta kowane ciniki. Na ce masa duk wannan kakansa ya yi shi a kan buzu, bai biya kowa ba. Sai dai akwai abin da ba ya cikin darasin nasu, don ba a iya sayar da shi. Kawu ba ƙarfin zuciya kaɗai ya tsare shi ba. Rana ce ke faɗuwa ta kore shi gida, hanya ce ke da nisa, liman da abokai ne ke zuwa in ya kira. Yaron nan an ce ya zama shi ne ɗan kasuwa, shi ne maigidan kansa, shi ne shaida, shi ne kuma faɗuwar rana, duk a ɗaki guda da ƙarfe ukun dare. Na ga samarin da suka nemi taimakon tiramol a kan abin da bai kai wannan ba.

Ban hana shi ba. Wanda aka hana a fili a ɓoye yake yi, kuma na san abin da ɓoyo ke haifarwa. Abu biyu na roƙa. Duk ranar Asabar ya zo ya gaya mini lamba, riba ko faɗuwa, ba tare da bayani ba. Makon farko ya zo da dogon jawabi a kan babban bankin Amurka, na bar shi ya gaji, na ce, "Nawa?" Na biyu kuma, daga lisha wayar ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Wannan ya fi ba shi wuya. Ya yi mako biyu ya karya, ya sake ɗauka, ya sake karyawa. Yanzu dai in na wuce ta bayan ɗakinsa zuwa asuba, wata rana tagar duhu, wata rana da ɗan shuɗin haske.

Akwai wani rahoton ayyukan yi da Amurka ke fitarwa, galibi Juma'ar farkon wata, wanda in ya fito zinariya da dala kan yi tsalle kamar an sa masu wuta. A watannin damana ƙarfe ɗaya da rabi na rana yake fitowa a agogonmu, daidai lokacin da ake haramar masallaci. Wata Juma'a muna tafe sai ya tsaya a bakin hanya, ya ciro wayar ya miƙo mini, ya ce, "Baba, ku riƙe mini, in tana jikina ba zan ji huɗuba ba." Na ji daɗi har cikin raina, na jefa ta aljihun gaban riga.

Liman na hawa mumbari ta fara motsi a ƙirjina. Ta yi shiru, ta sake. Ban san ko sisi na abin da ke ciki ba, ba kuɗina ba ne, ban ma iya buɗe ta ba. Amma na tsinci kaina ina lissafin ko hawa ne ko sauka, ƙeyata ta fara ɗan sarawar nan da na sani, har sai da na kusa da ni a sahu ya taɓa mini gwiwa, don an tayar da iƙama ina zaune, hannuna dafe da aljihu.